WA YA YANKA FILIN ƘWALLON 'YA'YANMU?

Iyayena da yayyena da ƙannena na Sheme da 'Yankara da Daudawa da Mairuwa, da sauran jama'ar Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa baki ɗaya. Ina roƙon wanda wannan takarda ta shiga hannunsa ya daure ya karanta ta har ƙarshe, in kuwa akwai wanda bai iya boko ba a kusa da shi, ya karanta masa da ƙarfi. Ni ɗanku ne. Shekara biyar na yi ina riƙe da alli a makarantar firamare kafin in ajiye shi in kama aikin shirya jam'iyya a wannan mazaɓa, kuma maganar da zan yi muku yau tana cikin abubuwan da suka sa na ajiye allin.

Maganar fili ce. Ba filin gona ba, filin wasan yara.

Na san abin da wani zai ce tun bai gama wannan layi ba. Zai ce, Malam, kai ko kunya ba ka ji? Mutane na kwana da ido ɗaya a buɗe saboda ɓarayin daji, taki ya gagari talaka, kai kuma ka zo mana da zancen ƙwallo da langa? To, Baba, na ji, kuma ba zan gudu daga wannan tambaya ba, zan dawo kanta. Amma bari in fara gaya maka abin da idona ya gani.

A wata makaranta da na koyar cikin wannan yanki, wadda ba zan ambaci sunanta ba, akwai fili a gabas da azuzuwa. Ranar da na fara aiki na auna shi da ƙafata, saboda ni aka ɗora wa kula da wasanni: taki 140 a tsawo. Akwai turakun raga na icce, akwai bedi guda shida a jere inda 'yan mata ke zama suna carafke. Muka tafi dogon hutu. Ran da muka dawo sai muka tarar an kafa turakun siminti a gefen da ke kallon hanya. Aka ce wai shaguna za a yi don makaranta ta riƙa samun ɗan kuɗin alli. Muka yi shiru. Shekara ta zagayo, sai ga harsashin gida a bayan shagunan. Hedimasta, dattijo mai tsoron Allah, ya rubuta takarda ya kai sama, ya sake rubutawa, ya sake kaiwa. Amsar da ya samu a ƙarshe ita ce tambaya: ina takardar shaidar filin? Babu. Babu ita kuwa domin filin nan kyauta ce ta baki. Lokacin da aka ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta ga kowa a 1976, makarantu suka riƙa tsirowa a ƙauyuka kamar ciyawar farkon damina, mai gari ya kira dattawa ya nuna da sanda ya ce daga tsamiyar can zuwa kwarin can na makaranta ne, aka shafa fatiha. Wa ya yi tunanin awo a lokacin? Yau masu sandar sun riga mu gidan gaskiya, tsamiyar an sare ta, wanda ya zo da takarda mai hatimi kuwa shi ne mai gaskiya.

Ba zan ce wane ne ya sayar, wane ne ya saya ba. Abin da na sani shi ne a shekarata ta ƙarshe gasar tsere ta makaranta a kan hanyar mota muka yi ta, malami ɗaya a wannan kai, ɗaya a wancan kai, suna tare babura. Akwai wani yaro ɗan aji shida da ban taɓa ganin mai gudu irinsa ba, ƙafa kamar ta barewa. Bayan shekara biyu na gan shi a tasha da rana tsaka, idanu jajur, ya kasa ɗaga kai ya gaishe ni. Ban ce rashin fili kaɗai ya kai shi can ba. Amma na san daga ƙarfe huɗu na yamma zuwa magariba da yana da wurin zuwa, daga baya ya rasa.

TO, YANZU GA TAMBAYARKA, BABA

Ka ce ana fama da tsaro. Gaskiya ne, kuma ba mu ne za a koya wa wannan karatu ba. A daren 11 ga Disamba 2020 aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, duniya duk ta ji. A 2021 gwamnatin jiha ta hana motocin haya bin hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme, ta dakatar da cinikin dabbobi a kasuwannin ƙananan hukumomi da dama har da namu uku, aka kuma katse layukan waya, mutum ya yi watanni sai ya yi tafiya kafin ya ji muryar ɗansa da ke Kaduna. Ban manta ko ɗaya ba. Ban kuma ce ƙwallo na tare harsashi ba. Wanda ya gaya maka haka ya raina maka hankali.

Amma ka duba wannan. Dogon hutun makaranta yana faɗowa ne daga ƙarshen Yuli zuwa cikin Satumba, tsakiyar damina. A zamaninka, Baba, babu wanda ya damu da inda yaro zai yi hutunsa, domin gona ta riga ta tanadar masa aiki. Ya tashi da asuba ya bi ka, ya yi maimai, ya yi huɗa, ya dawo a gajiye, da dare in akwai farin wata ya fita dandali ya yi langa, 'yan mata su yi gaɗa, kaka ta yi a yi kalankuwa, 'yan kokawa su shiga fage. Gona da dandali su suka riƙe mana tarbiyya, ba wanda ya rubuta musu kasafin kuɗi. Yau fa? Gonakin nesa da yawa sun zama sai an yi shahada. Uba mai hankali ba ya son kai ɗansa gonar da shi kansa yake nomawa yana waige. Dandalin dare ya mutu, domin magariba na yi kowa ya ja ƙyaure. Wato an ƙwace wa yaro gona, an ƙwace masa dare, ɗan abin da ya rage masa shi ne filin makaranta da rana, shi ma ga shi ana yanka shi fuloti-fuloti.

Makonni shida zuwa bakwai, yaro ɗan shekara goma sha huɗu, jini na tafasa, ba gona, ba aji, ba fili. Ina kake zaton zai je? Wa kake zaton zai same shi? Tun 2018 gwamnatin tarayya ta hana maganin tari mai kodin, amma kai ma ka san kayan maye ba su bar lungu ba. Kuma kowa a nan ya san masu kai wa ɓarayi labari da masu kai musu burodi da fetur ba daga sama suke faɗowa ba. Daga cikinmu ake ɗaukarsu, kuma an fi samun sa'ar wanda ba shi da abin yi, ba shi da wanda zai tambayi inda yake. Mai koyar da ƙwallo in yaro bai zo atisaye kwana biyu ba, zai aika a duba. Wannan aikawar ita ma tsaro ce, kuma ta fi bindiga araha.

Akwai kuma wani abu da mutanen Faskari ba za su manta ba. Lokacin da aka tarwatsa ƙauyuka, mata da yara suka kwararo cikin gari da tabarmi a ka, ina aka sauke su? A makarantun firamare. A fili aka girka tukwane, a fili aka yi shanya. Filin jama'a shi ne ɗakin baƙin gari ranar da masifa ta zo. Wanda ya gina shago a kansa bai buɗe wa kowa ƙofa ba a ranar.

SU MANYA BA SU WASA NE?

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne masu cewa wasa almubazzaranci ne, ba yanzu ba, sai ƙasa ta zauna lafiya. Madalla. To su sun bari? A Abuja akwai filin ƙwallon lambu mai ɗauke da sunan tsohon shugaban ƙasa Janar Babangida, mai rami 18. Akwai irinsa a Kaduna, akwai a Kano, akwai a Jos, tun zamanin Turawa. Don wanda bai taɓa gani ba: wasa ne da ake buga ɗan farin ƙwallo kamar ƙwan zabo da sanda, ana binsa a ƙafa daga rami zuwa rami, wani yaro na biye da jakar sanduna a kafaɗa. Cikakken fili irin wannan yakan ci wajen kadada hamsin. Filin ƙwallon ƙafa kuwa, mai mita 105 a tsawo da 68 a faɗi, bai cika kadada ɗaya ba. Ka yi lissafi da kanka: filin ƙwallon lambu ɗaya ya haɗiye filin ƙwallon ƙafa fiye da sittin. Akwai masu yankan ciyawa, akwai masu ban ruwa, akwai mai gadi a ƙofa. Je ka kafa turken siminti a can ka ce shago za ka yi, ka ga ko za ka kwana a gida.

Ba hassada nake yi ba, wallahi. Kowa ya yi wasansa da kuɗinsa. Mu Katsinawa ma muna da abin alfahari a wannan fanni: Sarki Muhammadu Dikko, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944, shi ya dasa ƙwallon dawaki a Katsina, ɗansa Sarki Usman Nagogo kuwa ya yi suna a wasan har ƙetare. Filin folo ɗaya ya fi filin ƙwallon ƙafa biyar. Shekara wajen ɗari ke nan ana wannan wasa a Katsina bai mutu ba. Me ya raya shi? An keɓe masa fili, an sa masu kula, ana kashe masa kuɗi kowace shekara. Ashe dai manyanmu sun daɗe da sanin yadda ake riƙe filin wasa. Ilimin bai ɓace ba, bai dai taɓa gangarowa kudu zuwa wajen ɗan talakan Sheme ba ne.

Za a ce ai an gina babban filin wasa a birnin Katsina, wanda yau ake kira da sunan Muhammadu Dikko, mai cin mutum 35,000. Allah ya sa albarka. Amma yaron Sabuwa zai hau mota ya yi tafiyar awoyi kullum la'asar ya je ya buga ya dawo? Kuma 'yan wasan da za su cika wancan fili, a ina za su koyi taɓa ƙwallo in ba a filin firamaren ƙauyensu ba? An yi rufin soro, ba a yi tushe ba.

Ku leƙa maƙwabta. A Jamhuriyar Nijar, ƙasar da ba ta kai mu arziki ba, tun 1975 gwamnati ta ɗauki kokawar gargajiya ta mai da ita gasar ƙasa, aka fara a Tawa, Kantu na Maraɗi ya ɗauki takobin farko. Gasar tana zagaya jihohi, an gina fagen kokawa a manyan garuruwansu, lokacin gasa kuwa har mutanenmu na nan suna manne da rediyo. Kokawar nan fa tamu ce mu ma. Su sun ba ta fage, mu mun bar ta sai in wani mai kuɗi yana biki.

AIKIN WA NE?

Kada wani ya ruɗe ka da cewa wannan alfarma ce. Doka ce. Tsarin mulki na 1999, a jadawali na huɗu inda aka lissafa ayyukan ƙaramar hukuma, ya sa wuraren shaƙatawa da lambuna da filayen jama'a a layi ɗaya da hanyoyi da magudanan ruwa da fitilun titi. Yadda gyaran kwalbati yake wajibi a kanta, haka kula da fili. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 kuma ta ba ƙaramar hukuma ikon ba da izinin mallaka a ƙasar da ba ta cikin birni. Ma'ana, hannun da zai iya sa hatimi a yanka filin makaranta, shi ne dai hannun da zai iya sa hatimi a tsare shi har abada. Takarda ɗaya ce, tawada ɗaya.

Sai a ce babu kuɗi. Shekara da shekaru kuɗin ƙananan hukumomi suna bi ta asusun haɗin gwiwa da jiha, shugaban ƙaramar hukuma ya ce an riƙe a sama, na sama su ce sun sako. A ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. To, ku tambaya: nawa ke shigowa Faskari kowane wata, nawa Ƙanƙara, nawa Sabuwa, kuma a cikinsa sisin kwabo nawa aka rubuta wa filaye da wasannin yara? Ƙidayar 2006 ta ba Faskari kaɗai mutum kusan 200,000, yau an ninka ko an kusa, kuma ka tsaya bakin kasuwar Sheme ka duba da idonka ka ga ko ba yara da matasa ne suka fi yawa ba. Kuɗin shiga da ake karɓa kan kowace saniya da kowane buhu a kasuwanninmu, ba a iya cire na turakun raga a ciki?

Wani zai ce ai wannan babban zaɓe ne, ba na kansiloli ba. Nan ne fa gizo ke saƙar. Majalisar dokokin jiha ita ke yin dokar da ƙananan hukumomi ke aiki da ita, ita ke iya yin doka ta ce filin makaranta da filin Idi da dandali ba a sayarwa, ba a ba da aro, ba a canza musu aiki. Ɗan majalisar wakilai mai wakiltar Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa kuwa yana da bakin magana a ayyukan mazaɓu da ake sakawa cikin kasafin tarayya kowace shekara. Waɗannan kujeru biyu ƙuri'arka ce ke cika su.

Kun san yadda aka saba yi mana, kowace jam'iyya, ban ware kowa ba. Zaɓe ya matso, sai a ji an sa kofi. A kawo riguna masu hoton ɗan takara a ƙirji, a kawo ƙwallo biyu, a kawo makaɗa, ranar ƙarshe mai girma ya zo da jiniya ya buga ƙwallon farko da babbar riga, a ɗauki hoto. Bayan wata uku riguna sun koɗe, ƙwallo ya fashe, filin da aka yi gasar a kansa kuma an ƙara gutsure masa taki goma. Sun ba mu riga sun ɗauke ƙasar da za mu tsaya a kai. Ni kaina na taɓa busa usur a irin wannan gasa, an ba ni dubu biyar da lemon kwalba, na yi godiya. Ina jin kunyar abin har yau.

ABIN DA MUKA SA 'YAN TAKARARMU SUKA ƊAUKA

Na farko, kuma shi ne uwa uba, awo. A fito da ma'auna ƙasa su bi kowace makarantar gwamnati da kowane filin Idi da kowane dandali a mazaɓar nan, a gaban mai gari da liman da kwamitin iyayen yara, a auna, a kafa alama, a yi takarda kofi uku: ɗaya a ƙaramar hukuma, ɗaya a ofishin hedimasta, ɗaya a hannun mai gari. Katanga tana da tsada, mun sani. Bedi ba shi da tsada. A dasa shi a jere a kan iyaka cikin damina, kowane aji ya ɗauki nasa ya yi masa kariya daga awaki, cikin 'yan shekaru an sami shinge an sami inuwa, kuma ɓarawon fili ba ya iya matsar da itace da dare kamar yadda yake matsar da turke. Inda aka riga aka yi gini ba mu ce a rushe wa kowa gida ba, domin da yawa sun saya ne da kyakkyawar niyya. Amma wanda ya sayar ya fito ya yi bayani, a kuma nemo wa makarantar madadin abin da ta rasa, a cikin gari, ba a bakin daji ba.

Sai shirin dogon hutu. Garuruwanmu cike suke da samari da 'yan mata masu takardar shaidar malanta suna zaune ba aiki. A ɗauke su na makonnin hutu, a biya su alawus, a buɗe makarantu da safe bayan an tashi daga makarantar allo: awa ɗaya a maimaita karatu da lissafi, sauran lokaci ƙwallo da tsere da langa da kokawa, a gayyato tela da kafinta da mai gyaran waya su nuna sana'a. Yaron da ubansa ke buƙatarsa a gona ya tafi gona, ba dole. Ba kuma za a taɓa lokacin Islamiyya ba.

Inna, ke ma da ke nake. In an ce filin wasa kowa sai ya hango 'yan maza. 'Yarki fa? Da tana da gaɗa, yanzu tallan da ake ɗora mata shi ne kaɗai fitarta. Mun ce a keɓe wa 'yan mata ranakunsu da wurinsu a cikin makaranta, malamai mata su kula da su, ba namiji ko ɗaya. Wannan bai saɓa wa addini ba, bai saɓa wa al'ada ba. Ke ma kin yi a zamaninki, kuma kin fi ni sanin waƙoƙin.

Kowane fili a sa masa mai kula mai albashi, ko da mutum ɗaya ne. Kuɗin da aka ware kuma a rubuta shi a manna a bangon sakatariya inda mai wucewa zai gani. Akwai ƙauyukan da mutanensu ba su koma ba tukuna. Can maganar fili sai an koma, amma a auna musu nasu tun yanzu, kada su dawo su tarar an riga su.

Kada ka yarda da ni don na rubuta. In ɗan takara ya zo ƙofarka, namu ne ko na wasu, kada ka karɓi zancen kofi. Ka tambaye shi ko zai sa hannu a dokar hana sayar da filin makaranta, ka sa ya faɗa a gaban mutane. Kafin ya zo kuma, ina roƙonka abu ɗaya. Gobe bayan la'asar ka ɗauki wani dattijo da ya san iyakar farko, ku je makarantar unguwarku, ya nuna maka inda fili ya tsaya a da, ka taka ka ƙirga, ka kuma taka abin da ya rage yau ka ƙirga. Ka rubuta lambobin biyu da sunan garin a bayan wannan takarda ka kawo ofishinmu na mazaɓa, ko ka ba wanda ya ba ka ita. Muna tara su gari-gari, za mu karanta su a bainar jama'a a gaban kowane ɗan takara.

Ni na riga na yi nawa. Makon jiya na koma waccan makaranta na taka. Taki 140 a da, yanzu 62, bedi kuma saura biyu.